Makunnin Da Ke Hana Inji Yanka Yayin Ribas: Yadda Yake Aiki Da Dalilin Barinsa A Wurinsa

Duk wanda ya shiga YouTube ko TikTok ya nemi bayani kan injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, zai tarar da bidiyoyi birjik suna koyar da abu guda: yadda ake kashe ɗan makunnin da ke hana injin yin yanka idan ya koma da baya. Wani ya zare waya, wani ya naɗe makunnin da tef, wani ya haɗa bakin wayoyi biyu da guntun ƙarfe. Cikin minti 3 an gama. Abin da akasarin masu bidiyon ba sa tsayawa su faɗa shi ne dalilin da ya sa kamfani ya kashe kuɗinsa ya saka makunnin tun farko.

A Jega da Aliero da Maiyama ba kasafai ake ganin wannan inji ba. A nan ciyawa abincin dabbobi ce, da lauje ake yankanta a kai kasuwa. Sai dai irin wannan makunni yana nan a jikin tarakta, da injin huɗa na hannu, da injin ban ruwa, da janareto, da wasu babura. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara haɓaka a jihar, injuna suka ƙara yawa a fadamu. Matasa ne ke tuƙa su, kuma da yawansu a waya suke neman yadda za su gyara su. Shi ya sa ya dace mai karatu ya san yadda makunnin yake aiki kafin wani bidiyo ya koya masa cire shi.

Haɗarin da aka yi makunnin dominsa

A ƙarƙashin injin yankan ciyawa akwai wuƙaƙe na ƙarfe, ɗaya ko biyu ko uku, masu juyawa kusan sau 3,000 a minti. Ƙa'idar masana'antun Amurka ta ƙayyade cewa gudun bakin wuƙar kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa. Da irin wannan gudu, wuƙar ba ta bambance ciyawa da ƙafar mutum.

Idan direba yana tafiya gaba, idonsa na kan hanya. Idan ya sa ribas kuwa, abin da ke bayansa kusa da ƙasa ba ya ganinsa, ƙarar inji kuma ta toshe masa kunne. Yaro ɗan shekara 3 da ya biyo mahaifinsa a guje bai kai tsawon bayan kujera ba. Inji ya ture shi, ya faɗi, wuƙa ta hau kan ƙafarsa. Masu bincike na asibitin yara na Nationwide da ke Columbus a jihar Ohio sun ƙiyasta cewa daga 1990 zuwa 2014 an kai yara fiye da 200,000 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin injin yankan ciyawa iri daban-daban. Daga cikin raunukan da suka fi muni akwai na ƙananan yaran da aka taka yayin komawa da baya.

Gyaran ya zo ne mataki-mataki. A 1982 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta wajabta cewa injin yankan ciyawa na turawa dole wuƙarsa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 da zarar mai aiki ya saki mariƙi. Daga baya injin hawa ya samu makunnin kujera, mai tsayar da aiki idan direba ya tashi. A 2003 aka sabunta ƙa'idar da ake kira ANSI B71.1, ta ce sababbin injunan hawa na gida da aka ƙera daga watan Satumban 2004 su zo da tsarin da ke hana yanka yayin ribas. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa injin hawa, kada wanda bai kai 12 ba ya tura na hannu.

Yadda makunnin yake aiki

Makunnin kansa ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ɗan akwati ne na roba mai tsinke a kai, yana shiga idan an danna shi, yana fitowa idan an sake shi. A ciki akwai ƙarafa biyu da ke haɗuwa ko rabuwa. Iri biyu ne. Akwai wanda a zaune yake a buɗe, sai an danna shi wuta take wucewa, a jikinsa akan rubuta NO. Akwai wanda a zaune yake a rufe, danna shi ne ke yanke wutar, shi kuma akan rubuta masa NC. Wasu makunnai suna ɗauke da duka biyun a akwati guda, shi ya sa ake ganin ƙafafu huɗu a ƙasansu.

Ana ɗaura makunnin ribas kusa da sandar giya ko fedar da ake takawa a koma baya. Da zarar direba ya nufi ribas, ƙarfen ya taɓa tsinken. Daga nan sai injin ya auna amsar tambayoyi uku: akwai mutum a kan kujera? Wuƙa tana juyawa? Giya tana ribas? Idan wuƙa na juyawa kuma giya ta shiga ribas, aiki ya tsaya. Idan wuƙa na juyawa kuma kujera ba kowa, nan ma aiki ya tsaya. Masu karatun kwamfuta za su gane wannan, shi ne lissafin "da" da "ko" da ake koyarwa a darasin farko na ƙofofin lantarki. A tsofaffin injuna wayoyi da makunnai kaɗai ke yin wannan lissafi, a sababbi kuma akwai ɗan allon lantarki.

Tsayar da aikin hanya biyu ne. A injunan da kulocin lantarki ke haɗa wuƙa da inji, makunnin yakan yanke wa kulocin wuta, wuƙa ta tsaya, inji ya ci gaba da aiki. A waɗanda ake haɗa wuƙar da jan sanda kuwa, injin ne gaba ɗaya yake mutuwa. Ga yadda abin yake: ƙananan injunan fetur suna samun tartsatsin fulogi daga kwayil. Kwayil ɗin yana da wata siririyar waya, wadda da zarar ta haɗu da ƙarfen jikin inji, wutar sai ta zurare can, fulogi ya daina tartsatsi, inji ya mutu. Maɓallin kashe injin ban ruwa ma haka yake yi.

A nan akwai wani abu da ya kamata a riƙe. Tunda haɗa waccan waya da jikin inji ne ke kashe shi, idan wayar ta tsinke, ko ɓera ya ci ta a ɗakin ajiya, injin zai ci gaba da tashi lafiya lau, ba wata alama da za ta nuna cewa kariyar ta tafi. Wasu kamfanoni sun magance wannan ta hanyar saka wani ɗan ƙarfe a cikin soket ɗin makunnin kujera, wanda ke kashe inji idan aka zare soket ɗin. Ba kowane inji ke da shi ba. Saboda haka tashin inji ba shaida ba ce cewa makunninsa yana aiki.

Kamfanonin sun san akwai lungun da dole a yi yanka da baya, don haka suka bar ƙofa. A injunan John Deere tsarin sunansa RIO: direba zai danna wani maɓalli kafin ya sa ribas. A na Husqvarna sunansa ROS: sai an murɗa makulli zuwa wani matsayi na daban. Hikimar ita ce a tilasta wa direba ya dakata, ya waiwaya, ya yanke shawara da saninsa. Wanda ya cire makunnin ya cire wannan dakatawar, alhali ita ce dukkan amfanin tsarin.

'Yan uwansa a fadamun Kebbi

Injin da ya fi kama da wannan a gonakin shinkafa shi ne injin huɗa mai ƙafa biyu, wanda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwansa. Wuƙaƙen da ke farfasa ƙasa suna daidai gaban ƙafafun mai aikin. Idan ya sa ribas, injin shi yake nufowa. Santsin laka ko kunyar da ke bayansa ya isa ya kayar da shi, wuƙaƙen su hau shi. Don haka kamfanoni irin su BCS na Italiya suke saka wani ƙarfe a cikin tsarin giya da ke hana ribas shiga muddin wuƙaƙen suna juyawa. Wannan ba ya amfani da lantarki ko kaɗan, amma aikinsu ɗaya da makunnin injin ciyawa. Idan injin da aka saya ba shi da wannan kariya, to mai aikin ne zai zama kariyar: a cire wuƙa daga aiki, a rage wuta, a duba baya, sannan a sa ribas.

Babbar tarakta tana da makunnin da ke hana ta tashi sai giya tana firi ko an taka kuloci. A taraktocin Massey Ferguson da aka saba gani a Arewa, sai ƙaramar sandar giya tana tsakiya sannan sitata take amsawa. Idan makulli ya ƙi aiki, wasu direbobi sukan tsaya a ƙasa su haɗa bakin sitata da sukundireba. Wannan ya tsallake makunnin gaba ɗaya. Idan an bar taraktar a giya, tana tashi za ta zabura, kuma mutumin yana tsaye ne daidai gaban babbar tayar baya.

A bayan tarakta kuma akwai sandar da ke juya injin casa ko na huɗa, wadda ake kira PTO. Gudunta na ƙa'ida sau 540 ne a minti, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Idan kaurin sandar ya kai santimita 7.5, za ta naɗe fiye da mita 2 na yadi a daƙiƙa ɗaya. Hannun babbar riga, ko bakin rawani, ko mayafi, kafin mutum ya ankara ya ja da baya an riga an naɗe shi. Murfin robar da ke rufe sandar, da murfin bel da fuli na injin niƙa, su ma kariya ce irin ta makunni. Sau da yawa akan cire su lokacin gyara, a jingine a gefe, ba a mayar ba.

Manoman albasa na Aliero sun fi kowa sanin injin ban ruwa. Da yawa daga irin waɗannan ƙananan injuna, da janareto, suna da na'urar da ke lura da yawan baƙin mai. Kamfanin Honda yana kiran tasa Oil Alert. Idan man ya yi ƙasa, na'urar ta haɗa waccan siririyar waya ta kwayil da jikin inji, ya mutu. Wani lokaci man bai ƙare ba, injin ne aka ajiye a karkace a gaɓar ruwa, man ya taru gefe guda. Maganin shi ne a daidaita wurin zaman injin, a duba ma'aunin mai. Wanda ya yanke wayar ya huta da mutuwar inji na 'yan makonni, ranar da man ya ƙare da gaske kuma injin ya buga, a daidai lokacin da albasa ke neman ruwa.

Haka abin yake ga makunnin jakin gefe na wasu sababbin babura, wanda ke kashe inji idan aka sa giya jaki yana ƙasa. Haka kuma injin yankan ciyawa na ratayawa a kafaɗa, wanda wasu ke girbin shinkafa da shi: yana da ɗan maɓallin da sai tafin hannu ya danne shi sannan totur yake motsi, kuma masu ƙera shi suna gargaɗin kowa ya nisanci mai aikin da mita 15.

Idan makunnin ya fara damun mutum

Babu wanda ke cire makunni don mugunta. Yawanci inji ne yake ta mutuwa ana tsakiyar aiki, ga mai gona yana jira, ga kuɗin haya yana tafiya. Sai dai a mafi yawan lokuta matsalar ƙarama ce. Ƙurar hunturu ko laka ta cushe tsinken. Soket ya yi tsatsa. Ƙarfen da ke danna tsinken ya lanƙwashe. Kujera ta saki, direba mara nauyi yana tsalle a kanta idan an shiga gargada. Duk waɗannan ana gyara su ba tare da an yanke waya ba.

Gwajin makunni yana buƙatar ƙaramar mitar gwajin lantarki, irin wadda masu gyaran waya da rediyo ke amfani da ita. Matakan su ne:

1. A kashe inji, a zare makulli, a cire hular fulogi, a jira duk abin da ke juyawa ya tsaya cak.
2. A ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a taɓa komai, don a san yadda za a mayar.
3. A zare soket, a goge ƙura da tsatsa.
4. A juya mitar zuwa wurin da take ƙara idan bakinta biyu suka haɗu, a ɗora su a ƙafafun makunnin.
5. A danna tsinken, a sake shi. Lafiyayyen makunni zai sauya: mai NO ya yi ƙara idan an danna, mai NC ya yi shiru. Idan babu sauyi, ko ƙarar tana yankewa, makunnin ya lalace.
6. A sayi sabo mai lamba iri ɗaya. Kamanni kaɗai ba ya isa, domin mai NO da mai NC suna iya zama kamar tagwaye a ido.

Bayan an mayar, sai gwajin aiki, a fili mai shimfiɗe, ba yaro ba dabba a kusa. Direba yana zaune a kujera, burki a ɗaure, ya gwada tayar da tarakta tana cikin giya: bai kamata sitata ta amsa ba. A injin yankan ciyawa, ya kunna wuƙa ya ɗan ɗaga jikinsa daga kujera: inji ko wuƙa ya tsaya. Ya sake kunnawa ya nufi ribas ba tare da danna maɓallin izini ba: nan ma ya tsaya. Ya kamata a yi wannan gwaji a farkon kowace kakar aiki, da duk lokacin da inji ya dawo daga wurin bakanike. Mai sayen inji na hannu a kasuwar Jega ko wani wuri ya leƙa ƙarƙashin kujera da gefen giya. Tef da aka naɗe, ko soket da ke lilo ba a haɗe ba, alama ce cewa wani ya riga ya taɓa wurin.

Abin da makunni ba zai iya ba

Makunnin ribas yana tsayar da wuƙa, amma ba ya tsayar da taya. Wuƙar ma tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta gama juyawa. Kuma makunnin ba shi da ido, giya kawai yake ji. A motoci an ƙara wani mataki. Bayan wani likita a Amurka ya taka ɗansa mai shekara 2, Cameron Gulbransen, yayin da yake komawa baya da mota a 2002, majalisar ƙasar ta yi doka da sunan yaron, kuma daga watan Mayun 2018 kyamarar baya ta zama dole a sababbin ƙananan motoci a can. Yanzu ana sayar da irin wannan kyamara da ƙararrawar ribas masu aiki da batir mai bolt 12, ana iya ɗaura su a tarakta ko motar ɗaukar albasa. Suna taimakawa, amma ƙura da laka suna iya rufe idon kyamara yayin aikin gona.

Don haka babbar kariya tana wurin mutane. Kada a bar ƙananan yara a gonar da inji ke aiki, ko da abinci suka kawo. Kada a ɗauki yaro a cinya ko a kan murfin taya don a faranta masa, domin yaron da ya saba hawa shi ne zai riƙa rugowa wurin inji duk lokacin da ya ji ƙararsa. Kafin a sa ribas, a waiwaya a duba ƙasa. Idan akwai mataimaki, ya tsaya inda direba ke ganinsa. Sannan a cire abin sauraro daga kunne, a ajiye waya a aljihu. Direban da ke jin waƙa ko amsa saƙon WhatsApp ba zai ji ihun da ake yi masa ba.

Wayar tana da amfaninta kafin a fara aiki. Lambar samfurin da ke jikin inji, idan aka rubuta ta a Google, sau da yawa takan kai mutum ga littafin jagorar kamfanin kyauta, har da zanen wayoyi. Idan rubutun gargaɗin da ke jikin injin da Sinanci ne, manhajar Google Lens tana fassara shi ta kyamara. Ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, suna da filin aiki a nan: ƙararrawar ribas mai arha, ko murfin bel da maƙerin gari zai iya bugawa, abubuwa ne da manoman da ke kewaye da su za su amfana da su kai tsaye.

Idan tsautsayi ya riga ya auku, a kashe inji tukuna. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a saki. Idan wata gaɓa ta guntule, a naɗe ta da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A garzaya asibiti mafi kusa, daga nan a tura manyan asibitocin Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, mutane suna zuwa daga nesa don haka. Raunin wuƙar inji kuwa na likitan tiyata ne, kuma kowane minti yana da muhimmanci.

Duk lokacin da inji ya mutu da kansa, tambayar farko ita ce me makunnin ya ji. Sau da yawa amsar tana nan a fili: mai ya yi ƙasa, giya ba ta firi, direba ya tashi, ko wuƙa na juyawa an nufi baya. Idan makunnin ne ya lalace, a canza shi. A kan wannan Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani.